Darasin Otal-otal Ɗin Karkarar Faransa Ga Masu Shirya Tarukan Gwamnati A Abuja

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi Faransa, aka kuma yi sa'a masu masaukinsa suka fitar da shi daga Faris zuwa wani ƙauye domin cin abincin rana, yakan dawo da labari kusan iri ɗaya. Zai ce an yi tafiyar sa'o'i a mota, aka tsaya a wani tsohon gida mai 'yan ɗakunan kwana, aka zauna ana kawo abinci kashi-kashi har la'asar, kuma duk kwanon da aka ajiye sai mai hidima ya faɗi garin da aka kiwata kazar, da gonar da aka haƙo dankalin, da kogon da aka adana cukun. Mukan saurara mu kaɗa kai mu ce Turawa sun iya duniya, daga nan a shiga wani zance. A ganina labarin ya wuce na sha'awa. Akwai darasin tattalin arziki a cikinsa, kuma waɗanda ya fi shafa su ne ma'aikatan tarayya da hadiman manya da ke Abuja, domin su ne ke zaɓen wurin da za a yi taron bita, su ne kuma ke amincewa da jerin abincin da za a ci.

Bari mu ɗauki misali guda. Vonnas ƙaramin gari ne mai mutane kimanin dubu uku a yankin Bresse, arewa da birnin Lyon. A shekarar 1872 wani mutum mai suna Jean-Louis Blanc ya buɗe masauki kusa da filin kasuwa, yana dafa wa fataken kaji miya. Surukarsa Élisa, wadda aka fi sani da Uwa Blanc, ta ɗaga sunan gidan da girkinta. Jikanta Georges Blanc ya karɓi ragama a 1968, kuma a 1981 ya samu taurari uku na littafin Michelin, matsayi mafi girma a wannan sana'a, ya riƙe su fiye da shekara 40. Abincin da ake niƙo gari daga ƙasashe masu nisa domin a ci a wannan gida shi ne kazar yankin da aka dafa da kirim ɗin madara, da wata waina ta dankali da matan garin suka gada. Yau otal ne babba da shaguna da gidajen cin abinci, kuma garin da kewayensa suna cin arzikinsa.

Ita kazar tana da doka da ke tsaronta. Tun 1957 Faransa ta kafa dokar da ta ce ba a kiran kaza da sunan Bresse sai an kiwata ta a cikin iyakar yankin, daga irin nan mai farin gashi da shuɗin ƙafa, tana yawo a fili da kowace kaza ke da aƙalla murabba'in mita 10, ana ba ta hatsi da madara, kuma ba a yanka ta sai ta kai wata huɗu. Tun kafin nan, a 1925, aka yi wa cukun Roquefort irin wannan doka: dole ne a yi shi da nonon tumaki, a kuma nunar da shi a kogunan dutsen garin da ya ba shi suna. A 1935 aka kafa hukumar da ke kula da irin waɗannan sunaye. Amfanin hakan a fili yake. Manomi ya san ba wanda zai ari sunan garinsa ya sayar da jabu, mai otal ya san abin da yake saya, baƙo kuma ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Abin lura na biyu shi ne, yawancin girke-girken da ake tunƙaho da su a waɗannan wurare asalinsu abincin talaka ne. Miyar kifi ta birnin Marseille, wadda ake kira bouillabaisse, masunta ne suka ƙirƙiro ta daga kifin da ya yi kwantai. Cassoulet na kudu maso yamma farin wake ne da nama da ake barin su a kasko su daɗe suna dahuwa. Aligot na tsaunukan Aubrac dankali ne da aka tuƙa da cuku, abincin makiyaya, kuma duk wanda ya ga ana tuƙa shi zai tuna da tuwo. Faransawa sun ɗauki abin da kakanninsu ke ci, suka kyautata shi, suka tsabtace wurin da ake dafa shi, suka kuma daina jin kunyar ajiye shi a gaban baƙon da ya fi kowa girma.

To, yaya aka yi baƙi suka san hanyar ƙauyen? A nan ne labarin ya fi daɗi. Littafin Michelin, wanda ya fara fitowa a 1900, aikin wasu 'yan'uwa biyu ne masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin. Bukatarsu ita ce masu mota su yawaita tafiya domin tayoyi su cinye a sayi sababbi, don haka suka riƙa nuna musu inda za su samu mai, da makaniki, da makwanci, da abinci. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka mayar da shi mataki uku. Ma'anar matakan ita kanta maganar tafiya ce: tauraro biyu na nufin wurin ya isa a ratse hanya dominsa, uku kuma na nufin ya isa a ɗaura niyyar tafiya takanas saboda shi.

Sai kuma gwamnati ta ƙara nata. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashi, dubban iyalai suka fantsama karkara da bakin teku a karon farko. A 1949 aka kafa ƙungiyar ƙananan otal-otal na iyali da ake kira Logis de France, a 1954 kuma masaukai takwas da ke kan hanyar Faris zuwa Nice suka haɗa kai, abin da daga baya ya zama Relais & Châteaux. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin cin abincin Faransawa cikin jerin al'adun gado na duniya. Ƙasar tana karɓar baƙi daga waje kusan miliyan 100 a shekara, kuma da yawansu teburin cin abinci na cikin abin da ke kai su. Idan aka tattara, abubuwa huɗu ne suka gina otal ɗin karkarar Faransa: kayan gona masu suna, doka mai kare sunan, hanya mai aminci, da baƙi masu zuwa a kai a kai.

Kada a fahimci maganata da cewa a kwaso girkin Faransa a kawo Bwari ko Kwali. Mai tafiya can ma sai ya yi hattara, domin giya da naman alade suna shiga cikin yawancin girke-girken gargajiyarsu, kuma Musulmi ba shi da mafita sai ya tambaya dalla-dalla ko ya tsaya ga kifi da ganye. Ko da babu wannan, kayan aro ba ya rufe katara. Otal ɗin da zai shigo da man shanu da cuku daga Turai ya dafa su a gindin Dutsen Zuma ya juya wa darasin baya gaba ɗaya. Abin da ya dace a koya daga Vonnas shi ne yadda gida ke riƙe amanar ƙasar da yake zaune a kanta.

Mu ma mun taɓa gwada otal a karkara. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya hango cewa madatsun ruwan da yake ginawa za su iya jawo masu yawon buɗe ido. Daga wannan tunani aka samu otal ɗin Bagauda a bakin tafki, da na Rock Castle a kusa da madatsar Tiga. Dattawan Kano har yanzu suna ba da labarin zamanin da ake kwasar iyali a tafi Bagauda hutun ƙarshen mako. Yau harabar Bagauda reshe ce ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, shi kuma na Tiga ya daɗe da daina tashe. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, gwamnati tana iya gina bango da rufi cikin shekara biyu, amma masauki yana rayuwa ne idan akwai iyalin da cinsu da shansu ya dogara a kansa, da manoman da ke ciyar da shi, da baƙin da ba sa yankewa.

Kewayen Abuja ba ya rasa abin da zai sa a ratse hanya. Ga Dutsen Zuma da aka taɓa sanya hotonsa a jikin takardar naira 100, ga magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja, ga madatsar Usuma da duwatsun Bwari. Ga Ushafa, garin maginan tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. Ga Kwali, mahaifar Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 a garin da yau ake kira Suleja, kuma hotonta na jikin takardar naira 20. Tun da aka dawo da fadar gwamnati nan a ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin yake tara jakadu da 'yan kwangila da ƙwararru daga ko'ina, mutanen da ke da abin kashewa, kuma suke neman inda za su huta ranar Asabar. Duk da haka, baƙon da ya ce a kai shi inda zai ci doyar Gbagyi a cikin kwanon da aka gina a Ushafa, ya kwana a ɗaki mai tsabta, ya wayi gari ya ga gonar da doyar ta fito, zai sha wuya kafin a samar masa.

Batun abinci kuwa, taswirarmu ba ta gaza ta kowa ba. Kowa ya san masar Bauchi, da gurasar Kano, da burabuskon Borno, da gwaten accar Filato. Kowa ya san albasar Aliero, da dankalin Bokkos da Mangu, da cittar Kachia, da tumatirin Kadawa, da dabinon Dutse, da ganyen shayin Mambila, da kifin Kainji, da doyar Zaki Biam. Muna da kindirmo da man shanu daga rugagen Fulani, muna da zabo da tantabara, muna da daddawa da kuka da yakuwa da zogale. Mutanenmu tun fil azal suna danganta abinci da garinsa, har suna musu a kan wace ce ta ainihi. Abin da Faransawa suka rubuta a doka, mu yana bakin kowace tsohuwa a kasuwa. Rubutawar ce da tsarewar suka rage.

Yanzu a duba abin da ake ajiyewa a teburin tarukanmu. Ko a Maitama aka yi taron, ko a Kaduna, ko a Lafiya, ko a Minna, jerin abincin kusan kwafin juna ne: soyayyar shinkafa, dafa-duka, cinyar kazar da ta kwana a firji, haɗin kabeji, lemon kwalba, sai biskit da kek lokacin hutun shayi. Idan an tuna da abincin gida sai a ajiye tuwo da miya a can ƙarshen layi kamar wanda ake jin nauyin nunawa. Mahalarci zai kwana uku a gari ya koma bai ɗanɗani komai na garin ba, manomin da ke bayan katangar otal ɗin kuma bai ga ko sisi daga miliyoyin da aka kashe ba. Wannan jerin ba daga sama ya faɗo ba. Wani jami'i ne ya karɓi takardar daga otal, ya duba farashi, ya sa hannu ba tare da ya nemi a canza komai ba.

Maƙwabtanmu sun riga sun fara tafiya. Barkonon Penja na Kamaru ya samu rajistar suna a 2013 a ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da yawancinsu ke amfani da Faransanci. Jamhuriyar Nijar ta bi sahu, ta yi wa kilishinta da jar albasar Galmi rajista. Kilishin da muke ɗauka namu ne na kowa da kowa, yanzu a hukumance akwai wanda ake kira kilishin Nijar. UNESCO ta karɓi kuskus na Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Mauritaniya a 2020, ta karɓi shinkafa da kifi ta Senegal a 2021. Najeriya ta shigar da bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024, wanda ke nuna cewa jami'anmu sun san yadda ake shirya irin wannan takarda idan sun sa kansu. Lokaci ya yi da za a juya wannan ƙwarewa zuwa ga tukunya.

Babu ma buƙatar jiran sabuwar doka kafin a fara. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayayya a kan kayan gida a wasu fannoni, kuma abinci da abin sha suna cikin jerin. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku, a watan Mayu na 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a sayayyar gwamnati. Jami'in da ya rubuta wa otal cewa rabin abincin taro ya kasance na yankin, a kuma bayyana inda aka sayo kayan, bai karya ƙa'ida ba, umarnin da ke gabansa ya bi.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa: tsaro. Magana ce mai nauyi. Ba wanda ya manta harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022, ko fasa gidan yarin Kuje a watan Yuli na wannan shekarar, ko satar mutanen da ta addabi yankin Bwari a farkon 2024. Babu babban sakataren da zai kwashi daraktocinsa ya kai su kwana inda bai amince da shi ba, kuma ba na kiran kowa ya yi kasada da rayukan mutane. Amma ana iya farawa da abin da zai yiwu: a fita da safe a yi zama da cin abincin rana a wurin da jami'an tsaro suka tantance, a dawo kafin magariba. Kuma a tuna cewa ƙauyen da matasansa ke da aikin yi a kicin da gona da tuƙi, ya fi wanda aka yi watsi da shi wuyar shiga ga ɓata-gari.

Uzuri na biyu shi ne tsabta da inganci, na uku kuma takardu. Gaskiya ne ƙananan masaukai da yawa ba su da ruwa da wuta tsayayyu, kuma ba su da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ko shaidar biyan haraji, alhali Dokar Sayayya ta 2007 ba ta yarda a biya kuɗin gwamnati haka kawai ba. Sai dai waɗannan matsaloli ne da ciniki ke magancewa. Mai masaukin da ya tabbata cewa hukuma kaza za ta zo masa sau huɗu a shekara zai haƙa rijiyar burtsatse, ya sa wutar sola, ya yi rajista. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ya ciyar da mutum 80 da bashin da ya ɗauko wajen mahauta da masu hatsi, sannan ya shafe wata shida yana zarya a ofishin akanta. Babban otal yana iya jiran kuɗinsa, ƙarami kuwa jinkiri ɗaya ya isa ya rufe shi. Duk jami'in da ke son taimakawa, ya fara da biya a kan kari.

Akwai kuma batun masu girkin. Girkin Lyon da kewayenta mata ne suka kafa shi, waɗanda ake kira iyaye mata, yawancinsu tsofaffin masu aikatau a gidajen attajirai. Ɗaya daga cikinsu, Eugénie Brazier, 'yar ƙauye da ba ta yi karatu mai zurfi ba, ta samu taurari uku a kowane ɗaya daga gidajen abincinta biyu a 1933, kuma a hannunta Paul Bocuse, wanda ya zama sarkin kukun Faransa, ya koyi aiki. A nan ma gwanayen miyar taushe da dambu da sinasir mata ne, amma sai a ɓoye su a bayan gida, a biya su ladan yini, ba wanda ya san sunansu. Cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, za ta yi babban aiki idan ta nemo irin waɗannan mata ta ba su horon tsabta da lissafi da shaidar ƙwarewa, ta kuma sa su koyar da ɗalibanta. Sunan mai girki ya kamata ya fito a kan takardar abinci kamar yadda sunan marubuci ke fitowa a kan littafi.

Game da tantancewa, gara kada gwamnati ta ce ita za ta raba taurari, domin mun san yadda lambar yabo takan ƙare idan ta shiga ofis. Martabar littafin Michelin ta dogara ne a kan cewa masu bincikensa ba sa bayyana kansu, kuma su ke biyan kuɗin abin da suka ci. Wannan aiki ne na jaridu, da ƙungiyoyin masu otal, da kamfanonin da ke cin ribar tafiya, kamar masu sayar da mai da bankuna da kamfanonin sadarwa. Aikin gwamnati shi ne hanya, da tsaro, da dokar da za ta kare sunan albasar Aliero da cittar Kachia, da kuma kashe kuɗin da dama take kashewa ta hanyar da za ta amfani manomi.

Saboda haka ga roƙona ga daraktan gudanarwa, da jami'in sayayya, da hadimin da ke tsara wa maigidansa tafiya. Kafin taron bita na gaba, a kira manajan otal a tambaye shi abin da garin ke nomawa da abin da garin ya iya dafawa. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa zoɓo da kunun gyaɗa da fura da nono su maye gurbin rabin lemon kwalba, masa da ƙosai da alkaki su zauna inda biskit yake, babban abincin rana kuma ya zama na yankin, a kuma ajiye shi a tsakiyar teburi. Idan baƙon waje ya zo, a ware masa rana guda a kai shi Ushafa ko Gurara, a ciyar da shi a can. Ba za a samu irin Vonnas a shekara ɗaya ba, domin gidan Blanc ya shafe fiye da ƙarni guda kafin ya kai ƙololuwa, kuma ya fara ne da miyar fataken kaji a ranar kasuwa. Fataken da Abuja ke da su a yau su ne ma'aikatan da ke yawo da kuɗin taro, kuma inda suka zaɓa su tsaya su ci abinci, nan ne masauki zai tsiro.